Masu Hawa Dutse Don Kallon Tsuntsu: Kurmin Gajimare a Kamaru da Najeriya

Jawabin da aka gabatar a filinmu na muhalli da yawon buɗe ido. An ɗan gyara shi don bugawa.

 

Yau batunmu a kan wata sana'a ce wadda idan ka ba mutumin ƙauyenmu labarinta zai ce wasa kake yi. Akwai mutanen da suke tara kuɗi shekara guda cur, su hau jirgi daga Ingila ko Jamus ko Amurka ko Japan, su sauka a Duwala, su sha doguwar tafiya a mota kan hanya mai ramuka, sannan su hau dutse da ƙafa cikin sanyi da taɓo, don su ga tsuntsu guda. Ba kama shi za su yi ba, balle su gasa. Su dai su dube shi na minti ɗaya ko biyu, su rubuta sunansa a littafi, su koma gida suna murna kamar an yi musu bushara. To waɗannan baƙi ba su san hanya ba, ba su san inda tsuntsun yake kwana ba, dole sai da ɗan gari a gaba. Wannan ɗan jagora, da kurmin da yake shigar da su, da abin da ya haɗa kurmin da ruwan da kai mai sauraro kake sha, su za mu duba a yau.

Mene ne kurmin gajimare?

Mu mutanen fili mun saba ganin gajimare a sama can nesa. Amma fa idan ka hau dutse mai tsayi a ƙasa mai damshi, akwai inda za ka kai ka tarar gajimaren ya sauko ya kwanta a kan itatuwa, kai ma kana tafiya a cikinsa. Dalili kuwa shi ne, iskar da ta ɗebo damshi daga teku idan ta ci karo da dutse sai ta hau sama, tana hawa tana yin sanyi. Kowace mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Idan iskar ta yi sanyi sosai, damshin da ke cikinta sai ya zama hazo mai jiƙa riga. Kurmin da ya tsiro a wannan wuri, wanda hazo yake lulluɓe shi kusan kullum, shi ake kira kurmin gajimare.

Kamanninsa daban ne da kurmin ƙasa. Itatuwansa ba su cika tsayi sosai ba, rassansu a karkace, kowane reshe ya yi rawani da gansakuka da ƙananan tsirrai masu zama a jikin itace ba tare da sun taɓa ƙasa ba. Ko ba a yi ruwan sama ba za ka ji ɗiga-ɗiga, domin ganye da gansakuka suna tatsar hazon, ya taru ya zama ɗigo, ya sauka ƙasa a hankali. Ku riƙe wannan magana ta tatsar hazo, za mu komo kanta.

Irin wannan kurmi akwai shi a tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, da Kosta Rika, da Indunisiya, da gabashin Afirka wajen Yuganda da Ruwanda. Mu kuma namu yana nan kusa, a kan jerin duwatsun da aman wuta ya gina. Jerin ya faro daga cikin teku, daga tsibiran Sawo Tome da Biyoko, ya fito tudu a Dutsen Kamaru kusa da garin Buya, wanda tsayinsa ya haura mita 4,000, kuma har yanzu da ransa, don ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Daga nan jerin ya bi ta Dutsen Kupe da Manenguba, ya kai tsaunukan Bamenda inda Dutsen Oku yake da tsayin mita 3,011, ya ratsa iyaka zuwa Obudu a Jihar Kuros Riba da tsaunin Mambila a Jihar Taraba. A nan ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowane tsayi a Najeriya, mita 2,419, a kan iyakar ƙasashen biyu. Don ku gane irin damshin da ake magana, a ƙauyen Debunsha da ke gindin Dutsen Kamaru ruwan sama na shekara yakan kai wajen milimita 10,000, alhali a Yamai tsakanin 500 ne da 600.

Tsibirai a sama

To me ya sa tsuntsayen wurin suke da tsada haka a idon baƙi? Amsar ita ce, da yawa daga cikinsu babu su a ko'ina a duniya sai nan. Ka ɗauki kan kowane dutse kamar tsibiri. Tsuntsun da ya saba da sanyi da hazo da 'ya'yan itatuwan sama ba ya iya sauka ya ratsa filin zafi ya koma wani dutse, kamar yadda kifin tafki ba ya ratsa tudu. A tsawon dubban shekaru, yanayin duniya ya yi ta sauyawa tsakanin sanyi da ɗumi, kurmin yana faɗaɗa ya haɗe, yana kuma tsukewa ya rabu. Tsuntsayen da aka bari a kan kowane dutse sai suka yi ta hayayyafa a tsakaninsu, har kamanninsu da kukansu suka bambanta da na danginsu. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta BirdLife International ta lissafa kusan iri 30 da ba a samunsu sai a wannan jerin duwatsu.

A duniya akwai tsuntsaye wajen iri 11,000. Najeriya tana da fiye da 900, Kamaru ma haka. Masu wannan sha'awa kowa yana da littafin da yake rubuta irin da ya taɓa gani da idonsa, kuma wasu burinsu su ga dubbai kafin su bar duniya. Mutumin da yake son cika littafinsa ba shi da dabara, tsuntsun Oku sai a Oku. Abin da ya mai da kurmin dukiya ke nan.

Waɗanda ake zuwa dominsu

Sarkinsu shi ne turakon Bannerman. Tsuntsu ne kore mai doguwar wutsiya, da jan tukku, da baki ruwan ɗorawa. Idan yana zaune a cikin ganye da wuya ka gan shi, amma da ya buɗe fiffike sai ka ga ja jawur kamar an kunna wuta a cikin hazo. Jan nan kuwa abin mamaki ne, domin launin yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe, abin da dangin turako suka keɓanta da shi. Masana sun fara rubuta bayaninsa a 1923, aka sa masa sunan wani masanin tsuntsaye ɗan Birtaniya, David Bannerman. Amma mutanen Oku da Kom sun san shi tun kaka da kakanni, kuma jan gashinsa alamar girma ce a wurinsu, ana soka shi a hular wanda fada ta karrama. Babu shi a ko'ina sai tsaunukan Bamenda, kuma yana cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. A kurmi ɗaya da shi akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu baƙi da fari mai jar fata a saman ido, shi ma sai nan.

A Dutsen Kupe, bayan ƙauyen Nyasoso, akwai wata 'yar'uwar suɗa. Wani likita ɗan Sikotland mai suna William Serle ya same ta, aka rubuta bayaninta a 1951, daga nan kuma ta yi ɓatan dabo, ba a sake tabbatar da ganinta ba sai 1989. Ka ji fa, kusan shekara 40. Har yau wanda ya gan ta sai ya yi ta ba da labari. A Dutsen Kamaru kuwa akwai fakara mai jan baki da jajayen ƙafafu wadda ba ta da gida sai wannan dutse kaɗai.

Akwai kuma wani tsuntsu mai sanƙo, kansa ba gashi, goshin shuɗi, ƙeyar ja, yana tsalle a ƙasa da dogayen ƙafafu. Da laka yake gina sheƙarsa a jikin manyan duwatsu da bakin kogo a cikin kurmi, a Kamaru da kudu maso gabashin Najeriya da Gabon. Masu son ganinsa sai su je tun la'asar su zauna shiru a gefen kogon, ba motsi ba tari, wani lokaci awa biyu ko uku, har ya dawo kwana. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

A ɓangaren Najeriya, wanda ya tashi daga Jalingo ya bi ta Bali da Serti, ya kai Mayo Selbe, ya hau hanyar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe zuwa Mambila, kafin ya kai Gembu akwai ƙauyen Yelwa. Daga nan ake takawa zuwa kurmin Ngel Nyaki, wanda aka keɓe tun 1969. Kurmi ne da ya maƙale a gangaren tsauni tsakanin filayen kiwo, a tsayin mita 1,400 zuwa 1,600. A bakinsa ana ganin marai na Bannerman, rawaya mai baƙar fuska, da ƙananan tsuntsayen nan masu sheƙi da dogon baki da ke shan ruwan fure. A cikinsa kuma har da birai masu kama da mutane, wato cimfanzi. A ƙasan tsaunin ga gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane girma a Najeriya, fiye da murabba'in kilomita 6,000, inda aka lissafa tsuntsaye wajen iri 500.

Bari in ƙara da labarin da ya fi kusa da mu, ko da yake shi na duwatsun Jos ne, ba na kurmin gajimare ba. Kun san baiwar Allah, jan tsuntsun nan da ke tsince-tsince a tsakar gida. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi da ba ya gina sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar baiwar Allah ta rena masa, ɗan kuma idan ya girma kukan gidan da aka rene shi yake kwaikwayo. Wani masani Ba'amurke, Robert Payne, ya ji irin wannan tsuntsu a Jos yana kwaikwayon kukan da bai dace da na wata baiwar Allah da aka sani ba. Bin sawun wannan kuka ne ya kai ga gano baiwar Allah ta duwatsu, wadda aka rubuta a matsayin sabon iri a 1998. Hausawa suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ga shi kimiyya ta bi karin maganar har ta tsinci abin da ba ta sani ba.

Yini guda a bayan ɗan jagora

Yaya tafiyar take? Yawanci ƙungiya ƙarama ce, mutum shida zuwa takwas, domin taro ba ya ganin tsuntsu. Lokacin da aka fi so shi ne rani, daga Nuwamba zuwa wajen Maris, sa'ad da hanya take biyuwa. Ana tashi tun kafin asuba, a sha shayi mai zafi, a sa rigar sanyi da takalmin roba. Tufafi kuma masu duhun launi, kore ko ƙasa-ƙasa, ban da fari tas, ban da turare mai ƙarfi. Kowa da madubin hangen nesa a wuya da littafin hotunan tsuntsaye a jaka. Ana so a kai bakin kurmi gari na wayewa, don a sa'o'i biyu ko uku na farko ne tsuntsaye suka fi kuka da kiwo.

A nan ne za ka gane darajar ɗan jagora. A cikin kurmi mai duhu da hazo, ido ba ya aiki kamar kunne. Gwanin jagora yakan san kukan tsuntsu ɗari biyu ko fiye. Yana tafe sai ka ga ya tsaya cak, ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit. Ya ji wani ɗan sauti da kai ba ka ma lura da shi ba, ya san mai shi, ya san a ƙasa yake ko a tsakiyar itace ko a ƙololuwa. Ya san wane ɓaure ne ya nuna a wannan mako, don a nan turako da kurciyoyin dutse za su taru. Ya san idan rundunar kwarkwasa ta fito, akwai tsuntsayen da ke binta suna cafke ƙwarin da suka firgita. Ya kuma san wata ɗabi'a ta tsuntsayen kurmi: sai a yi awa guda shiru kamar babu mai rai, can sai ga ayari ya iso, iri goma ko fiye suna kiwo tare, su wuce cikin minti biyar. A wannan minti biyar ɗin sai jagora ya nuna wa mutum takwas kowane tsuntsu, ya faɗi sunansa da inda yake, da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ya kore su ba. Wallahi aiki ne na gwaninta.

Sana'ar tana da ladubbanta. Akwai masu kunna kukan tsuntsu a waya don ya fito yana zaton kishiya ce ta shigo masa gida. Yin haka sau ɗaya a taƙaice wasu sun yarda da shi, amma idan kowace ƙungiya ta zo ta yi ta kunna wa tsuntsu guda, sai ya bar kiwo da ƙwai ya yi ta faɗa da iska. Jagora nagari ba ya yin haka a kusa da sheƙa, ba ya sare reshe don baƙo ya samu hoto, ba ya barin a zubar da leda. Baƙo zai iya matsa masa, har ya nuna masa kuɗi. Amma tsuntsun nan shi ne jarinsa, idan ya kore shi bana, baɗi me zai nuna?

Da rana ta take sai a huta. Da yamma a sake fita, wani lokaci har dare don mujiya. Bayan cin abinci a zauna a karanta jerin sunaye, kowa ya sa alama a kan abin da ya gani. Yanzu da yawa suna shigar da jerin a manhajar eBird ta Jami'ar Cornell da ke Amurka, wadda aka buɗe a 2002, inda masana suke amfani da shi wajen sanin wane tsuntsu ne ke raguwa kuma a ina.

Kuɗin, aljihun wa yake shiga?

To ga inda gizo ke saƙa. Baƙo yakan biya kuɗi mai yawa, amma kaso mafi tsoka yana tafiya ne ga kamfanin jirgi da kamfanin shirya tafiya da ke can ƙasarsu. Idan kamfanin ya zo da jagoransa, da abincinsa na gwangwani, ya kwana a otal na birni, abin da ɗan ƙauye zai samu bai wuce ladan ɗaukar kaya ba. Mutumin da ya ga haka, don me zai bar itace a tsaye? Amma idan jagoran ɗan gari ne, masaukin na gari ne, matan gari ne ke dafa abinci, ɗan acaɓa ya samu, mai zuma ya sayar, aka kuma biya kuɗin shiga ga kwamitin da ke kula da kurmin, a nan ne tsuntsu mai rai yake fin gasasshe daraja.

Wasu ƙasashe sun gwada an gani. A Monteberde ta ƙasar Kosta Rika an keɓe kurmin gajimare a 1972, yau dubun-dubatar baƙi ke zuwa kowace shekara, da yawansu don tsuntsun ketsal, kore mai jan ƙirji da doguwar wutsiya, wanda ƙasar Gwatamala ta sa wa kuɗinta sunansa. A Ekwado kuma, kusa da garin Mindo, wani manomi da a da yake sare itace ya yi ta haƙuri yana ajiye wa wani tsuntsu mai tsananin ɓuya tana, har tsuntsun ya saba da kiransa yana fitowa. Yau gonarsa ta zama wurin da masu kallon tsuntsu na duniya suke layi, ragowar kurminsa kuwa ba mai taɓa shi.

Abin da ke cin kurmin

Namu fa yana cikin matsi. Ƙasar tsauni tana da albarka, jama'a suna ƙaruwa, kowa yana neman gonar masara da dankali da wake. Makiyayi yana sa wa ciyawa wuta da rani don sabuwa ta tsiro wa shanunsa, dabara ce ta tun da, amma idan iska ta kwashi wutar sai ta lashi bakin kurmi, bana taku goma, baɗi taku goma. Shanu da awaki idan suka shiga sai su tattake ƙananan itatuwan da za su gaji manya. Akwai kuma wani itace da ake ɓare ɓawonsa a kai Turai don maganin ciwon mafitsara na dattawa maza. An yi ta ɓare shi ba ƙa'ida har itatuwa suka bushe a tsaye, abin da ya sa aka shigar da shi cikin yarjejeniyar taƙaita cinikin tsirrai da namun daji ta duniya a 1995. 'Ya'yan itacen nan kuwa suna cikin abincin turako. Ba wanda za a ce shi kaɗai ne mai laifi a nan. Manomi da makiyayi da mai sassaƙa duk abinci suke nema.

Ga kuma ɗumamar yanayi. Idan duniya ta ƙara zafi, gajimaren yakan ƙara hawa sama, halittun sanyi su bi shi, har su kai ƙololuwa inda babu sauran wurin hawa. A Monteberde ɗin nan akwai wani kwaɗo mai launin zinariya da babu shi ko'ina sai can. Ganinsa na ƙarshe a 1989 ne. Masana suna danganta ɓacewarsa da sauyin yanayi da wata cuta ta kwaɗi.

Sai babbar matsala, rashin zaman lafiya. Tun da rikici ya ɓarke a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma na Kamaru a 2016 zuwa 2017, baƙi suka ɗauke ƙafa daga Oku da Bamenda da Kupe. Samarin da suka shekara da shekaru suna koyon kukan tsuntsaye suka wayi gari ba mai ɗaukarsu. Yawon buɗe ido tsuntsu ne mai tsoro, ƙarar bindiga ɗaya ta ishe shi tashi. Shi ya sa duk garin da ya dogara a kansa shi kaɗai ya gina a kan yashi.

Darasin Oku

Duk da haka akwai abin koyi. Kurmin Kilum-Ijim da ke kewaye da Dutsen Oku, mai faɗin hekta wajen 20,000, shi ne mafi girman abin da ya rage a tsaunukan Bamenda. A 1987 aka fara aikin ceto shi. Maimakon a kori jama'a a girke masu bindiga, sai aka zauna da sarakunan Oku da Nso da Kom da majalisunsu na gargajiya, aka shata iyakar da gona ba za ta wuce ba, da yardar mutane. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta ba ƙauyuka damar riƙe kurminsu da kansu. Daga baya hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna kurmin ya fara farfaɗowa a wurare da dama.

Abin da ya ƙara riƙe shi kuwa zuma ce. Farar zumar Oku, wadda ƙudan zuma ke haɗawa daga furannin itatuwan kurmin, ta samu rajistar suna ta musamman a 2013, wato ba mai sayar da wata zuma da wannan suna. Mai amya ɗari a kurmi ba sai an roƙe shi ya kashe wuta ba. A Ngel Nyaki ma, tun farkon shekarun 2000 akwai aikin bincike da Farfesa Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury ta kafa, inda samarin yankin suke aikin lura da itatuwa da tsuntsaye, ana renon dashe, ana kuma killace wasu filaye daga wuta da shanu don kurmi ya dawo. Tsuntsayen da kansu ma'aikata ne a wannan aiki, su ne ke cin 'ya'yan itace su kai irin nesa su zubar.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, ina ruwana da tsuntsun Oku? Ai kuwa ruwanka ne, ruwa na gaske. Ku tuna tatsar hazon nan. Kurmin dutse kamar soso yake, yana shan ruwa da damina ya riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Kogin Donga daga Mambila ya fito, kogin Taraba daga duwatsun Gashaka, kogin Katsina-Ala daga tsaunukan Bamenda, dukkansu kuma a Binuwai suke zuba, shi kuma ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Idan aka aske kan dutse, ruwan damina sai ya gangaro lokaci guda da laka ya ci gonaki, da rani kuma rafi ya ƙafe da wuri. Masunci da mai noman rani da makiyayin da ke shayar da garke a ƙasa duk suna da kaso a cikin kurmin da ba su taɓa gani ba. Tsuntsun kuwa shi ne ma'auni: muddin turako yana kuka, kurmin yana da lafiya.

Ga matasa

Wanda wannan sana'a ta ba shi sha'awa, ba sai ya je Oku zai fara ba. Fara da na ƙofar gida: shamuwa mai zuwa da damina, balbela, carki a bayan saniya, cilakowa, burtu, gauraka, alhudahuda da labarinsa ya zo a ƙissar Annabi Sulaimanu. Samu littafi ka riƙa rubuta abin da ka gani, da rana da wuri. Zauna da tsofaffin mafarauta da makiyaya, suna da ilmin da babu shi a takarda, ka karɓi sunayen Hausa da na Fulatanci kafin su ɓace. Ka koyi Turanci ko Faransanci gwargwadon yi wa baƙo bayani. A Laminga kusa da Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda ta horar da ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama, kuma daga nan ake tafiyar da aikin zana taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda 'yan sa-kai ke yi da wayoyinsu. Na Nijar kuna da gandun W, na arewacin Najeriya ga fadamar Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka da hunturu. 'Yan mata ma ban da ja da baya, kunne da haƙuri ba su san namiji ko mace ba.

Ga hukumomi kuma, roƙonmu uku ne: a gyara hanya, a tabbatar da tsaro, a kuma sa kuɗin shiga ya tsaya a hannun garin da ke gadin kurmin. Sarakuna da ardo-ardo su zauna da manoma a shata inda wuta za ta tsaya kafin rani ya kama. Baƙo zai zo ya tafi, rikici ma in Allah ya yarda zai wuce, amma itacen da ya shekara 200 yana tatsar hazo, idan ya faɗi, jikokinmu ne za su jira wani.

Nan za mu dakata a yau. Wanda yake da sunan wani tsuntsu na yankinsu da yarensu, ko labarin wani kurmi da ya sani yana yaro yanzu babu shi, ya aiko mana, za mu karanta a fili na gaba.